Makullin Ɓarayi

Ya murɗa makulli karo na uku. Fitilun gaban mota suka kama tar, amma injin ko tari bai yi ba.

"Baba, bari in kira mai tasi," in ji Auta, tana leƙowa ta taga. "Ƙarfe tara likitan ya ce."

"Tasi? A ƙofar gidana?"

Shekara talatin da huɗu yana gyaran wutar mota, ana kiransa Mai Wuta. Duk motar da ta gagari bakanike, ta gagari turi, garejinsa ake jawo ta, ya leƙa da ɗan ƙwan gwajinsa ya faɗi ciwonta kafin mai ita ya gama gaisuwa. Yau a ce tasa ta ƙi tashi har a kira tasi? Ai da kunya, a ce wanzami ya rasa askar aske kansa.

Kuma ba kunyar ce kaɗai ba. Wata uku ke nan matarsa da Auta suna kallonsa ta wutsiyar ido. Ya fita sayen burodi ya dawo da ƙusa. Ya kira Auta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Ranar Talata kuwa ya taso daga gareji, ya tsaya a mararraba bai san hannun da gida yake ba. Suka nemo masa likitan ƙwaƙwalwa. Ya yi faɗa, ya yi fushi, daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi guda: shi zai tuƙa su, likitan ya ga wanda aka ce kansa ya juye yana faka mota. Auta ta ce in kuwa likita ya ga matsala, makullin ya koma hannunta. Wannan maganar ita ta tsaya masa a rai.

Ya buɗe bonet. Matarsa tana tsaye da jakar takardu a ƙirji.

Hannuwansa dai ba su manta komai ba. Ya sa Auta ta danna hon, ya yi ƙara har karen maƙwabta ya amsa, batir ƙalau ke nan. Ya jijjiga kawunan batir, babu mai motsi, babu farin gishirin nan da ke cin su. Ya buɗe akwatin fis, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ƙwan gwaji yana kamawa a kowanne. Ya ɗauki guntun waya ya ba kik, abin da ke tada injin, wuta kai tsaye daga batir, injin ya juya garau.

"Kun ji ko? Kik lafiyarsa lau. Saƙo ne ba ya isa gare shi daga makulli." Ya dubi matarsa. "Motar ce ke son likita, Hajiya, ba ni ba."

"Allah ya sa," ta ce.

Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya kwance murfin roba. Ga wayar da ke fitowa daga makulli, da Auta ta murɗa sai ƙwan ya kama. Ya bi ta da yatsa taƙi ɗaya, ya sake gwadawa, ƙwan ya yi shiru. A tsakanin nan wani ya yanke wayar, ya jona mata waɗansu baƙaƙe guda biyu, suka nutse cikin damin wayoyi suka ɓace.

"Wane ɗan koyo ne ya taɓa mini mota?" ya daka tsawa. "Wa ya sa hannu a nan?"

"Wa ya isa, Baba? Ko wanki ba ka bari a yi mata."

Ya matso da fuska don ya ga aikin marar kunyar. An murɗe wayar tsaf, an naɗe ta da baƙin salatif, an ninke bakinsa ya yi ɗan kunne yadda za a kama a warware ba sai da reza ba. Mutum ɗaya ya sani mai yin wannan kunnen. Abokan sana'a har tsokanarsa suke yi da shi, wai Mai Wuta ko wayarsa sai ya yi mata kunne don ta ji magana.

Aikin hannunsa ne.

Makullin ɓarayi ne. Shi da kansa ya saka shi shekarar da aka sace motar maƙwabcinsu: ɗan maɓalli ɓoyayye, in ba ka danna shi ba, ka murɗa makulli har yatsa ya kumbura. Ya tuna ranar sarai. Ya tuna matarsa ta kawo masa ruwa ta ce ya nuna mata wurin, ya yi dariya ya ce sirrin da ya shiga kunne huɗu na kasuwa ne. Ya tuna har rigar da ke jikinsa. Inda ya sa maɓallin ne kawai ya kasa tunawa.

Ya fito ya zauna a kujerar direba, ya rufe ido, ya saki hannunsa ko zai tafi da kansa. Shekara goma sha ɗaya hannun nan yana zuwa wurin kowace safiya. Jiya ma ya je. Hannun ya laluba ƙarƙashin kujera, ya shafa gefen rediyo, ya leƙa aljihun ƙofa, sannan ya tsaya a iska. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don ya gane jiya da maɓallin a kansa ya kwanta, yau ya tashi an ɗauke, kuma bai san me za a ɗauke gobe ba.

"Malam, lafiya?" matarsa ta tambaya.

"Miƙo mini filaya."

Ya san yadda ɓarayi ke yi, ya sha gyara ɓarnarsu. Ya kama ɗan kunnen ya ja, salatif ya warware ba gardama. Ya datse baƙaƙen wayoyin, ya haɗa bakin tsohuwar da ɗan'uwansa. Ko minti biyu bai yi ba. Ya murɗa makulli, mota ta tashi.

Auta ta yi tsalle tana tafi kamar ba malamar makaranta ba. "Mama, kin gani? Wallahi Baba ƙalau yake! Wa zai gano wannan in ba shi ba?"

Matarsa ta saki ajiyar zuciya, idonta ya kawo ruwa. Rabon da ya ga fuskarta a sake haka har ya manta. "To ko mu fasa zuwan ne, Malam? Wataƙila gajiya ce kawai. Mu ne muka matsa maka."

Ya dube su. Kalma ɗaya zai faɗa a mayar da jakar takardu ɗaki, makulli ya zauna a aljihunsa. Ya dubi guntun salatif ɗin da ke tafin hannunsa, da ɗan kunnensa.

Ya fito ya bar injin yana aiki, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

"Auta, zo ki ja mu," ya ce. "Tara ta kusa."