Sa Hannun Baba Arewa

A gidansu Safiyo ake kiranta. Yayanta ne ya laƙaba mata sunan ranar da aka ɗauke ta karatun awon ƙasa a jami'a, sunan kuwa ya bi ta har ƙasar da zama ya kai ta, inda aikinta ya koma ninke zannuwan gado a ɗakin wanki na wani otal. Mijinta direban bas ne. In ya so tsokana sai ya ce, "Safiyo, auna mana falon nan mu ga ko kujera za ta shiga." Takan yi dariya, amma iyakarta leɓe.

Shekara uku ta yi tana karatun, saura ɗaya rikici ya tashi aka rufe makarantar. Kafin a buɗe ta riga ta bar ƙasar da goyo a baya. Yanzu goyon ta shiga sakandare, ita ce ma ta matsa mata. "Umma, kwalejin nan ta bayan tasha tana karɓar waɗanda suka fara karatu a waje. Ki je mana, ai ba cizo za su yi ba."

Ofishin tantance takardu ɗan ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya, ga kabad-kabad har rufi. Matar da ke aikin ta gyara tabarau, ta bi takardar sakamakon Safiyo da yatsa a hankali, kamar mai tsoron kada ta yage.

"Makinki masu kyau ne," in ji ta. "Sai dai sunayen darussa kawai nake gani. Sunan darasi kan zo ɗaya a nan da can, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Muna son bayanin abin da aka koya muku, da yawan awannin da kuka yi, da sa hannun sashenku ko malamin da ya koyar. Da shi za mu san ajin da za ki shiga."

Safiyo ta yi ta buga waya tsohuwar makarantarta. Da ƙyar wani ya ɗauka, ya ce an haɗe sashen da wani, tsofaffin fayiloli kuma ruwa ya cinye su lokacin da ginin ya zauna babu rufi. Sai wata ƙawarta ta aji, wadda yanzu labule take sayarwa, ta samo mata lambar 'yar malaminsu.

"Baba Arewa yana nan da ransa," ƙawar ta ce, "amma tsufa ya taɓa shi. Wata rana ko 'ya'yansa ba ya ganewa."

Da hutun rana Safiyo ta zauna a matakalar bayan otal, hannunta na warin sabulu, ta kira. 'Yar ta kara wa tsohon wayar a kunne.

"Malam, ina wuni? Ɗalibarku ce, wadda ke zama gaba kusa da taga."

"Wace taga?" Muryar ta yi siriri, ba wadda ta sani ba.

Ta faɗi sunanta, ta faɗi shekarar. Bai tuna ta ba. Har ta fara neman yadda za ta yi sallama, sai ta ce, "Malam, darasin awon fili na aji biyu nake tambaya."

Ta ji ya gyara zama. Ya yi gyaran murya.

"Ina arewa?"

Da wannan tambayar yake buɗe kowane darasi, ita ta jawo masa sunan. Duk shekarun da Safiyo ta yi a garin nan, ta san bas ɗin da ke kai ta aiki, ta san kantin da ya fi araha, amma ba ta taɓa tambayar kanta ina arewa take ba. Ta miƙe ta leƙa ƙaramar tagar matakalar, ta duba inda inuwar sandar fitila ta kwanta.

"Tana hannun haguna, Malam."

"Madalla. To a kafa ƙafafun na'ura. Kada wanda ya taɓa min ita sai kumfar da ke nuna daidaituwarta ta tsaya tsakiya."

Haka aka fara. Kullum da hutun rana yana koyarwa, 'yarsa na rubutawa, Safiyo na zaune a matakala abincinta na hucewa a cinya. Bai san ranar da ake ciki ba, amma bai tsallake babi ko ɗaya ba. Ita kuwa da ta rufe ido sai ta ga filin bayan sashensu, jar ƙasa na shiga takalmi, samarin ajin na gardamar wanda zai ɗauki akwatin na'ura, ƙawarta na ɓoye gyaɗa a aljihun rigar aiki. Wani lokaci yakan katse darasi ya ce, "Ina Dogo? Ya miƙe sandar nan, ba rake yake sayarwa ba!"

"Ya miƙe ta, Malam," takan ce. Rabonta da jin labarin Dogo, ɗan ajinsu mai riƙe sandar awo, tun daren da aka watse daga makarantar.

Da aka gama, tsohon ya sa hannu a kowane shafi, rubutun na rawa kamar sawun kaza. 'Yar ta aiko.

Matar ofishin ta riƙe takardun makonni kafin ta kira ta. "An karɓi shekara biyu cikin ukun," ta ce. "Lissafi da zanen taswira duk sun shiga. Awon fili ne kwamitin bai karɓa ba, don na'urorin sun canza, yanzu da tauraron ɗan'adam ake aiki. Na karanta musu bayanin malaminki har ƙarshe. Ban taɓa ganin irinsa ba, wallahi. Amma dole ki sake shi."

Safiyo ta yi godiya, ta cike takardar shiga ajin yamma, ta fito. Mijinta ya yi ta murna a waya har fasinjoji na taya shi. Ita dai ba ta san sunan abin da take ji ba.

Washegari da rana ta kira don ta gaya wa Malam. 'Yar ta ce, "Yaya, yau ba ya magana, tun safe. Amma bari in kara masa."

"Malam, sun ɗauke ni," Safiyo ta ce. "Na gode."

Numfashinsa kawai take ji, a bayansa kuma ana shara a tsakar gida, wata mata na ƙwala wa yaro kira da harshensu, kurciya na kuka a wani wuri kusa. Ta ƙara danna wayar a kunne. Daga ƙasa shugabar aikinsu ta kira ta, ta sake kira, Safiyo ta ce tana zuwa, amma ba ta tashi ba.