Rabin Maganar Likita

Sanyin ruwa ne ya farkar da Hajiya 'Yardada. Ta buɗe ido ta gan ta kwance a gindin famfo, kuncinta manne da siminti, bokitin da ta tara ya cika yana ambaliya har ya jiƙa mata zane. Ita dai iyakar saninta da hantsi ta sunkuya, ga shi yanzu rana ta take. Ta yi salati, ta kasa kunne ko za ta ji motsin mutum. Ina! Gidan marigayi Alhaji Abdulbaƙi mai ɗaki tara a Shahuci, gidan da a da sai an dafa tiya biyu kafin kowa ya ƙoshi, yau ba mai motsi a cikinsa sai ƙadangaru. Da rarrafe ta kai jikin katanga, ta ƙwala wa maƙwabciyarta Hassana kira.

A asibiti likitar ta ja mata fatar ido ta duba, ta girgiza kai.

"Mama, magana biyu ce. Jininki ya yi ƙasa, sai kin dage da cin ganye da abinci mai gina jiki. Ta biyun ta fi girma: kada ki ƙara zama ke kaɗai. Faɗuwa ta gaba ba mu san a kan me za ki faɗa ba. Ina 'ya'yanki?"

"Suna nan lafiya," in ji 'Yardada, ta gyara mayafi.

* * *

Su biyu Allah ya bar mata: Yusra a Legas, da Tajuddeen a Abuja. Shi ne ɗan fari, kuma shekara arba'in da shida ke nan sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Kara ce irin ta iyayen da. "Mai Abuja" take ce masa, ko allura kuwa ba ta taɓa roƙonsa ba.

Hassana ce ta danne mata waya, 'Yardada ta aika saƙon murya a zauren hirar gida da 'ya'yan suka buɗe a waya. Maganar jini ta faɗe ta tiryan-tiryan. Da ta zo kan ta biyun sai murya ta yi ƙasa. "Likitar ta kuma ce wai zaman kaɗaici ba kyau, amma kun san likitoci da son magana."

"Haba Hajiya!" in ji Hassana. "Ai kin binne maganar da ranta. Ki ce su zo mana!"

"Ɗan da na haifa zan roƙa? Mai hankali ba a yi masa gwari-gwari."

Su kuwa masu hankalin, rabin farko suka cafke. Yusra ce ta fara: akwai wani ganye wai shi arugula, ɗanye ake ci, yana ƙarfafa ƙashi, ba ya nauyi a ciki, ita kullum shi take ci. Tajuddeen ya ce sam. Brussels sprouts dai, wasu ƙananan kabeji ne kamar goro, sun fi shi bitamin C nesa ba kusa ba, kuma bitamin C ne ke taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarin jini. Yusra ta ce in an dafa ai rabin amfanin ya bi ruwa. Ya ce turarawa ake yi, ta je ta yi karatu. Ta turo bidiyo, ya turo jadawali.

Kwana uku wayar tana kuka a kan tabarma. 'Yardada ba ta tsallake saƙo ko ɗaya ba. Ba don ta damu da wanne ya fi ba, wallahi. Muryoyin take so. Rabonta da ta ji su suna musu haka tun suna rigima a kan ƙanzon tukunya. Duk saƙon da ya shigo sai ta ce a ranta a wannan ne wani zai ce ga shi nan tafe.

Ran Alhamis Tajuddeen ya ce, "Hajiya, gobe bayan masallaci ki saurari sallama."

* * *

Tun da sassafe ta buɗe ɗakinsa. Tana shara tana dafa bango, in jiri ya taso ta zauna, in ya lafa ta miƙe. Ta shimfiɗa sabon zanen gado, ta sa turaren wuta na Kurmi irin wanda mahaifinsa ke sayarwa a da. Hassana ta taya ta kwaɓa alkubus, aka ɗora miyar taushe.

Ana saukowa daga Juma'a aka yi sallama a soro. Ta miƙe har tana tuntuɓe da buta. Wani direban a-daidaita-sahu ne, gumi sharkaf, rungume da kula, yana mitar lungun ya ƙi shiga da mashin.

"Saƙo ne daga tasha, an ce gidan Alhaji Abdulbaƙi."

"Shi mai saƙon fa?"

"Ni kula kawai aka ba ni, Hajiya."

Leda biyu ce a ciki, an jera su a kan ƙanƙara. Hassana ta tsinki ganyen ta tauna, ta yatsine fuska. "Au, wannan ai lansir ne ya yi boko!" Ta ɗauki ɗan kabejin ta matsa, tauri kamar goruba. Ta dubi bakin 'Yardada mai haƙori biyar, ta dubi tsakar gida, inda zogalen da Alhaji ya dasa ya yi lif-lif, ganye har yana zuba ƙasa. Ganye bai taɓa yankewa a gidan nan ba. Hannun da zai tsinko ne babu, don matar gidan in ta ɗaga kai sama sai duniya ta juya mata.

Hassana ta murza bakin zane ta ce, "Hajiya, ban so na faɗa miki yau ba. 'Yata Aminat ta sauka jiya a Dawanau. Gobe zan tafi wankan jego, sai an yi arba'in."

"Barka. Allah ya raya," in ji 'Yardada. Amma tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka fita da Alhaji.

* * *

Washegari da hantsi, bayan Hassana ta tafi, ta zauna a bakin gadon ɗakin da ta share. Ƙamshin turaren bai gama fita ba. Ta danne wayar da kanta kamar yadda aka koya mata. Sau biyu tana buɗe baki, kunya tana rufe shi.

"Tajuddeen," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi a harshe. "Tajuddeen, ka zo. Ina jin tsoro."

Ta ajiye wayar a cinya, ta zuba mata ido. Ba a jima ba ta yi ƙara.

Dariya ce ta fara fitowa, mai daɗi, irin ta mahaifinsa. "Ikon Allah! Yusra, kin ji? Yau Hajiya ce da sunana! Wallahi sai na adana saƙon nan. Hajiya, ki daina tsoro, ba a mutuwa da ƙarancin jini in ana cin abin da ya dace. In aiki ya yi sauƙi muna nan tafe da Sallah. Yanzu dai ki gwada duka biyun, ki raba mana gardama."

Saura wata huɗu Sallah.

'Yardada ta yaye zanen gadon, ta ninke shi gida huɗu, ta ja ƙofar ɗakin. Ƙanƙarar kular ta narke, ganyen Yusra ya yi laushi yana iyo a ruwa. A kan tabarma wayar ta ci gaba da kuka, an koma musu.

Azahar ta kusa, ga randa ba ko ɗigo. Ta ɗauki bokiti, ta bi bango a hankali har gindin famfo. Ta tara, ta yi bisimilla, ta sunkuya.