Motar da Ta Zo Ɗaukar Bintu

Duk fadamar Haɗeja, in ana zancen waɗanda ruwa ya gwada ya ƙyale, da Mala ake farawa. Ambaliya ta ci gidansa, ta ci shinkafarsa, ta taɓa tafiya da shi kansa ya fito da ƙafarsa. Bai taɓa zama a aji ba, amma ya ce Turancin ma'aikata a tafin hannunsa yake. In sun ce "siriyos", wato da gaske, hoto suka zo ɗauka. In sun ce "fainal wonin", wato gargaɗin ƙarshe, to baɗi ma za su dawo su maimaita. Mu tsofaffin bakin kogi duk haka muka ɗauka, ba shi kaɗai ba. Maganar da ta kai magana da Hausa ake yin ta, a zaune, bayan an gaisa.

Wata Laraba mota ta shigo ƙauyen kwashe tsofaffi da marasa lafiya zuwa makarantar tudu. Musaddiq ne ya zo da ita, ɗan maƙwabcin Mala da ke aiki a ƙaramar hukuma. Saboda sauri ko durƙusawa bai yi ba.

"Baba, a fito da Iya Bintu. Ruwa na hanya, jinga ba za ta riƙe ba. Imajansi ne."

Bintu matar Mala ce, ta daɗe ƙafafunta ba sa ɗaukarta.

Mala ya dube shi sama da ƙasa. "Sabon Turanci ka kawo ke nan. Bara wanne ne?"

"Fainal wonin."

"Bara waccan fa?"

"Shi dai, Baba."

"Ashe ƙarshen naku haihuwa yake yi."

Daga ɗaki Bintu ta ce, "Malam, ka bari yaron nan ya kai ni. In ruwan bai zo ba ai sai in dawo."

"Ki je ki kwanta a aji maza na tsallake ki, ina raye? Ni ne motarki."

Direba ya danna hon. Musaddiq ya share gumi ya ce, "To Baba, in kun zauna, at yo on risk ne. Ma'ana duk abin da ya faru, a wuyanka."

"Da a wuyan wa yake? Tun ba a haifi ubanka ba yake wuyana. Jeka, ɗan boko."

Motar ta tafi da gurbin mutum ɗaya.

Washegari bayan azahar jinga ta ɓalle. Kafin Mala ya naɗe tabarmar salla ruwa ya kama masa gwiwa, katangar ƙasa ta fara zama. Kwalekwale duk suna wancan gefen gari. Ya sauko da babbar gorar da yake hawa in zai yi su, wato kamun kifi, ya kifa Bintu a kai, ya ɗaure ta da rawaninsa, ya tura. Wallahi samarin yanzu ba wanda zai yi iyon da tsohon nan ya yi. Sai da suka shiga cikin ciyawar kacalla ta sarƙe shi, gorar ta juye. Ya nutsa ya juyo da ita. Ta sake juyewa.

Da ƙyar ya kai Bintu tudu. Matan da ke makarantar suka karɓe ta, suka kwantar da ita a cikin aji, suka matsa mata ciki. Ta buɗe ido ta dubi rufi. Kafin la'asar ta yi sanyi an rufe ta da zane.

Maƙabartar ƙauyensu, inda iyayenta da 'ya'yanta biyu suke, tana ƙarƙashin ruwa. Mutanen tudu suka ba da wuri a gefen tasu, kusa da wata gonar gero. Mala ya ƙwace magirbi daga hannun masu haƙa ya ce ba mai taɓa masa. Ya sara, ya sara, hannun ya ƙi. Musaddiq ya zo ya durƙusa gabansa, ya miƙa hannu biyu. Tsohon ya daɗe yana kallon ramin da bai kai ko taƙi ba, sannan ya sakar masa ƙotar.