Ranar Shukar Riɗi

Gado dai bakinsa ba ya da linzami, kowa a Gadarif ya sani. Da 'yar wansa Asiya ta dawo hutu da digirin dakta na ilimin taurari, bai tsaya tambayarta komai ba. Ya zarce tashar motocin Doka, ya buga ƙirji ya ce bana ba mai shuka riɗi da ka, 'yarsu za ta yanke rana.

Ai kuwa mutane suka ɗauka! Ruwan farko ya sauka, manoma bakwai suka riƙe irinsu suna jira, don bara sun yi gaggawa fari ya ƙone musu shuka. Da hantsin Talata suka cika rumfar gidan Gado, har da tsoho Mudi mai gona a Ƙala'at an-Nahal. Gado ya sa farar jallabiya, yana zuba jabana, wato gahawa, yana hura hanci.

"Dakta, ga su. Faɗa musu."

Asiya ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce taurarin da take nazari a dunƙule suke, dubu ɗaruruwa wuri guda kamar curin fura, kuma duk sa'o'in juna ne. Na'ura ce ke tsefe haskensu, wani haske da ke gaba da launin ja, wanda ido ba ya gani. Da shi take gwada lissafin masana a kan shekarun taurari, ta ga inda ya ci da inda ya faɗi.

"Madalla," in ji Mudi. "To, ruwa fa?"

"Wannan ban sani ba, Baba."

Tirƙashi! Gado ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ja ta bayan zana, murya ƙasa ƙasa.

"'Yata, ki rufa min asiri. Ki faɗi ko wace rana ce, ai Allah ke da ruwa."

"Baffa, in na ce Alhamis suka zuba irinsu ya ƙone, me za su shuka? Kunyar yau, kafin la'asar ta wuce. Iri sai baɗi."

Ya zuba mata ido. Haushi ya ji, wallahi, amma yarinyar ko gezau, sak wansa. Ya gyara rawani, ya koma rumfa, ya tsaya ƙyam.

"Jama'a, ba ta taɓa cewa ta san ranar ruwa ba. Ni na ƙaga. Kowa ya je ya tona gonarsa ya ga inda laima ta kai, kada wanda ya sake jiran bakina."

Mudi ya shanye jabanarsa, ya kife finjali, ya dafa sanda ya miƙe.

"Shekara talatin muna zama da kai, Gado. Yau ne ka fara faɗin maganar da mutum zai shuka iri a kanta."