Rigar Muttaka

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina tare da Bajiman Mafara. Tara daga ciki na buga musu baya, har gwiwata ta ce ta gaji, sauran kuwa ni ne mai kula da kaya. Sunana Jibo. Ni ke wanke riguna, ni ke hura ƙwallo, ni ke shan faɗa idan safa ɗaya ta ɓata. Mahauta da dillalan shanu na kasuwar Talata Mafara ne suka kafa kulob ɗin, shi ya sa ba a taɓa ganin ɗan wasanmu da ramar yunwa ba. Sau uku muna ɗaukar kofin jiha. Na farkon ina cikin fili aka ɗauke shi, kuma duk wanda ya ce maka ba ni na tare ƙwallon nan a bakin raga ba, to ranar yana gona.

Muna da wata al'ada da ba a rubuta ko'ina ba. Ta faro ne daga Ishaq, golanmu ɗan Bakura, wanda zazzaɓi ya ɗauke cikin kwana huɗu. Dattawan kulob suka ce ba wanda zai sake sa rigarsa. A wanke ta, a ninke, a kai wa iyayensa, a yi musu gaisuwa. Tun daga nan hanya biyu ce kawai riga ke barin hannunmu: ko mai ita ya miƙo ta da kansa ya ce ya bar wasa, ko in ya rasu ni in ɗauke ta in kai gidansu. Sau shida na yi wannan tafiya. A Mafara, idan aka gan ni da riga a ninke cikin farar leda, ba a tambayata inda za ni.

Muttaka shi ne mai lamba tara. Ɗan Gidan Goga ne, siriri, ga shiru-shiru, idan ka gan shi a waje sai ka ce ko akuya ba zai iya kora ba. A cikin fili kuwa shi ya ci mana ƙwallaye biyun da suka kawo kofi na uku. Sati biyu bayan nan ya ce zai leƙa gonar gero a gida. Ya hau babur daga Maradun da hantsi, 'yan bindiga suka tare hanya. An ga babur ɗin, an ga hularsa. Shi ba a gan shi ba, ba kuma wanda ya bugo waya. Shekara uku ke nan.

Ba mu cire sunansa ba. Duk kakar wasa sakatare zai rubuta shi a jerin 'yan wasa, a jiha kuwa ba mai tambaya. Ni kuma duk ranar wasa sai in rataye rigarsa a ƙusa tare da na kowa, a tashi in sauke ta ba gumi ba ƙura, in wanke ta duk da haka.

Bana Allah ya ba mu abin da muka daɗe muna nema. Muka haye gasar ƙasa, rukuni na biyu. Mafara ta yi kwana biyu ba a jin komai sai hon ɗin babura. Ni ma na yi murna, har na taka rawa da gwiwar nan tawa. Sai takarda ta zo: duk wanda aka rubuta sunansa, dole ya bayyana gaban masu tantancewa a gan shi ido da ido.

Alhaji Uba, shugaban kulob, ya kira ni rumfarsa a kara, kasuwar shanu, bayan azahar. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gwiwa, ya sake tambayar gida. Na san akwai magana.

"Jibo," ya ce, "sunan yaron ga ba shi zama cikin takarda. Ka san kuwa abin da ka biyo baya."

"Ni ba ni kai ta, Alhaji. Wa yag ga gawa tai?"

"Babu wanda yag gani. Amma ba mu cire suna mu bar riga ga ƙusa. Ba mu taɓa yi ba."

"To a hwara yanzu."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya dai ce in je in yi tunani, ya juya ga shanunsa yana share ido da hannun riga.

Abin da ke cina shi ne Inna Marka, mahaifiyarsa. Tun da aka tashe su daga Gidan Goga take zaune a Maradun, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan mijinta, ita da 'yarta Hanifa. Duk sallah nakan je gaishe ta, kuma duk zuwa abu ɗaya nake faɗi: Inna a ƙara haƙuri, yana nan tafe, rigarsa ma tana nan tana jiransa. Da wane baki zan shiga da rigar nan a hannu? Kai ta daidai yake da in ce mata ɗanki ya mutu, ni da ban sani ba. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Ranar Alhamis na wanke ta, na goge, na ninke. Ban sa ta a farar leda ba, na cusa ta cikin jakar da nake zuba safa. A mota har Maradun ina shirya ƙarya. Zan ce ɗakin kayanmu ne ke yoyo, na kawo ta ajiye masa kafin ya dawo. Na maimaita ta a raina har ta zauna daram, na ma fara jin daɗin wayona.

Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Hanifa ta shimfiɗa mini buhu, ta kawo ruwa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta yi mana barka da hayewa, ta ce a rediyo ta ji. Ni kuwa jaka na kan cinyata, na riƙe ta da hannu biyu.

"Inna, dama ɗakin kayanmu na..."

"Jibo," ta ce, ba ta ɗago ba, "yau ba salla ta ba. Hiddo abin da kaz zo da shi."

Na fito da rigar. Ta ajiye faifan, ta goge hannuwanta a zani, ta karɓa. Ta daɗe tana shafa lambar da babban yatsa.

"Shi da kai nai yab ba ni labarin yadda kuka yi," ta ce. "Na san mi rigag ga ka nuhi."

"Wallahi Inna ba mu ji komi ba. Takarda ce kawai ta matsa muna. Ba mu ce ya rasu ba, ƙila ma shina..."

"Bari." Ta ɗaga hannu. "Shekara ukku, Jibo. Kowa yaz zo sai shi ce mani shina nan tahe. Kai ma haka. In na tashi kuka a ce kada in yi ma mai rai kuka. Da uban shi yar rasu, kwana bakwai mutane na shigowa suna yi mani gaisuwa, har zuciyata ta kwanta. Shi ko ɗana, ko mutum guda bai taɓa zama gabana yac ce Allah shi jiƙan shi ba."

Kunya ta rufe ni. Duk zuwan da na yi ina ganin alheri nake mata, ashe hana ta makoki nake yi.

"In kuma shina da rai fa, Inna?"

"In shina da rai, addu'a ba ta kashe shi. Yi mani gaisuwa, Jibo."

Na gyara zama, na durƙusa a kan gwiwar nan da ba ta son durƙuso. Sau shida na faɗi kalmomin nan a gidaje shida, amma ranar da ƙyar suka fito.

"Inna, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Muttaka, shi gahwarta mai, shi sa ya huta."

"Amin," ta ce. "Amin. Na gode."

Sai ta kifa fuskarta a cikin rigar ta fashe da kuka, irin kukan da ya daɗe yana neman hanya. Ban ce ta yi shiru ba. Hanifa ta tsaya a bakin ɗaki, hawaye na zuba, ba ta san abin yi ba. Da kukan ya ɗan lafa, Inna Marka ta ɗago ta dube ta.

"Hanifa, hidda tabarmi ƙohwar gida. Ki shaida ma maƙwabta an yi muna rasuwa."