Ba a Rufe Bonet Sai An Saurara

Shekara talatin da ɗaya kunnena ne ke ci da ni. Mota ta shigo gareji, sai in ce a tayar da ita, in karkata kai, in faɗa wa mai ita ciwonta tun ban taɓa sifana ba. Daga baya kunnen dama ya soma yi mini rowa, na hagu ya bi sahu. Ranar da na sallami wata mota na ce lafiyarta ƙalau, ta dawo da la'asar ana jan ta da igiya, na san ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kunya ta hana ni cin abinci.

Likitar kunne ta ce wani ɗan ƙashi ne can ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya daskare ya daina motsi. Za ta cire shi ta sa na ƙarfe. Ta tura ni wurin likitan da ke sa mutane barci, wani dogo, wanda dole ya matso yana ɗaga murya kafin in ji shi.

"Hanya biyu ce, Baba," in ji shi. "Ko in sa ka barci gaba ɗaya, da bututun numfashi a maƙogwaro, ka farka ka tarar an gama. Ko in ba ka maganin da zai kwantar maka da jiki, a kashe kunnen da allura, kana gyangyaɗi ana aiki. Amma fa kanka ba zai motsa ba ko kaɗan."

Uwargidana, da ta rako ni, ta yi dariya. "Wannan? Ko aski ake masa sai ya juyo ya koya wa mai askin aiki. Likita, ku kwantar da shi kawai."

Gaskiya ta faɗa, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na tambayi likitan amfanin hanya ta biyun.

"In kana farke, da ta sa ƙarfen za ta gwada jinka nan take. In bai zauna daidai ba ta gyara kafin ta rufe."

Magana ta ƙare ke nan. Ni da ban taɓa rufe bonet ba sai na tayar da inji na saurara, yaya zan yarda a rufe nawa ba a gwada ba?

Ɗakin tiyatar akwai sanyi. Suka juya mini kai gefe, suka rufa mini zane kore, wata nas ta riƙe mini hannu. Maganin ya shiga, tsoron ya ja da baya, yana nan amma ba ya cizo. Ina jin ana ƙwanƙwasa wani abu can cikin ƙoƙon kaina. Hancina ya yi ƙaiƙayi, na ce masa yau sai dai ya yi haƙuri.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Kawai sai duniya ta buɗe. Ƙarar almakashi a kan faranti. Takalmin wani yana goga ƙasa. Numfashin nas ɗin, har da 'yar shessheƙar mura. Ashe duk waɗannan suna nan, shekara shida ina wucewa ta cikinsu ban sani ba. Ƙarfe ɗan mitsitsi, wanda in ya faɗi a gareji ba mai sunkuyawa ya nema, shi ya dawo mini da su. Allah mai iko.

Likitar ta yi raɗa, raɗa sosai: "Baba, kana ji na?"

"Ina ji," na ce, ba tare da na motsa ba. "Kuma injin nan mai zuƙar ruwa da ke bayana, boris ɗin da ke juyawa a cikinsa ya fara cinyewa."

Kowa a ɗakin ya kasa kunne ga injin.

"Jiya sai da mai gyara ya kwance shi kafin ya gano haka," in ji dogon likitan, a hankali, kuma na ji shi.

Hawaye ya gangaro ya ƙetare karan hancina ya jiƙa zanen. Na bar shi. Kaina bai motsa ba har ta rufe.