Bayan Farantin Tagulla

Duk shekara, kafin ruwan farko, mahaifina Malam Nababa yakan cika aljihu da lemon tsami, ya ƙulle toka a tsumma, ya tafi goge wani faranti. Ba na cin tuwo ba. Farantin tagulla ne da aka kafe a jikin wani tsohon maɗaci a gonarmu ta bayan Adogi, ɗauke da sunaye goma sha tara da ajami. Mutanenmu ne Gwandara da suka faɗi a wurin, a wani yaƙi da Tibi kan rafi, tun kafin Turawa. Baba yakan goge, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a. Haka ubansa ya yi, haka kakansa.

Ni Muhyiddin, ɗansa tilo, bakanike a Bukan Sidi, na ce masa wannan al'ada ba da ni ba. Ga injin mutane a warwatse, zan je goge wa matattu kwano? Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To in na mutu wa zai kira su?" Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta zauna mini.

A 2004 iskar ruwan farko ta tumɓuke maɗacin. Terlumun, Batiben da ke noman doya a gefen gonarmu, shi ya zo har gareji ya faɗa mini. Ya daɗe yana ƙorafin inuwar bishiyar na hana doyarsa girma, don haka na zata murna ce ta kawo shi.

"Zo ka ɗauki Baba," in ji shi. "Ƙarfe nan yana ƙarƙashin itace. Ni ba zan taɓa shi ba sai mai shi ya zo."

Na goyo Baba a babur, da lemonsa da tokarsa a aljihu. Da muka isa, saiwoyin bishiyar sun fi ni tsawo. Shekaru sun sa itacen ya haɗiye gefunan farantin, ƙusoshin ma sun ɓace a ciki, shi ya sa ba wanda ya taɓa cire shi. Terlumun ya sa gatari a hankali, yana sassaƙa kamar mai feren rogo, har farantin ya saki. Ya ɗaga, ya juya shi zai kakkaɓe gara, sai ya tsaya cak.

"Baba, akwai rubutu a baya ma."

Fuskar bayan ta yi kore shar. Baba ya durƙusa, ya yanka lemo, ya dangwali toka. Yana gogewa haruffa na fitowa, rubutun hannu ɗaya da na gaba. Ya fara karantawa a hankali, bakinsa na tuntuɓe, don ba sunayen da ya saba ba ne.

"Ugondo. Terngu. Tyav. Iorliam."

Gatarin ya suɓuce daga hannun Terlumun. "Sake wannan, Baba."

"Iorliam."

"Kakan kakana ne," in ji Terlumun. "Ya fita da kwari da baka, bai dawo ba. A gida ana cewa kura ya ci shi. Shekara tara ina noma kusa da shi."

Sunaye ashirin da uku Baba ya karanta. A ƙasansu akwai layi ɗaya, wanda ya duba sau biyu kafin ya iya furtawa: "Waɗannan ma maza ne. Mu muka binne su."

Na dubi wannan fili da na raina tun ina yaro, kunyoyin doya a jere, ga tsuntsaye suna tsince a ramin saiwa. Wato wasu mutane, jinin 'yan'uwansu bai bushe ba, suka bi suna tambayar sunan waɗanda suka kashe su, suka sa maƙeri ya zuba a tagulla. Sannan wani ya zo ya juya wannan fuskar ga itace. Ban san wane ne ba, kuma na ji kunyarsa kamar ni na yi.

Baba ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. "Shekara hamsin ina kiran rabi," ya ce.

Muka samo ƙarfe biyu, na yi walda, muka tsayar da farantin a tsakiyar fili yadda za a gan shi ta kowane gefe.

Baba bai kai ruwan baɗi ba. Da sama ta fara haɗa gajimare, na rufe gareji da hantsi, na sayi lemo a bakin hanya. Na tarar Terlumun ya riga ni, yana durƙushe da tokarsa, yana goge gefen mutanenmu.

"Ban iya karatun ba," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Kai za ka kira su."

Na zagaya ɗaya gefen, na yanka lemo, na fara da Ugondo.